Ƙasar da Namadi Ya Ba Baƙi

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kaoje ta nufi iyakar Binin, idan ya kusa Tungar Na'Allah rumbuna zai fara hangowa kafin gidaje. Jajaye ne masu tumbi, an ɗora su a kan duwatsu, kowanne da hularsa ta ciyawa. Yawancinsu aikin mutum ɗaya ne, Namadi magini. Dattijo ne gajere mai faɗin tafin hannu, ba shi da yawan magana sai an taɓo zancen ƙasa, to a nan kam sai ka nemi wurin zama.

Ƙasa ita ce cutarsa. Idan ya je ɗaurin aure wani gari, jama'a na can na shafa fatiha, shi idonsa na kan bangon zaure. Zai kai yatsa ya ɗan ƙwaƙula, ya murza, wani lokaci har ya kai baki. In ya dawo gida matarsa Barira ta tambaye shi yadda aka watse, sai ya ce mutanen kirki ne, amma yashi ya yi wa gininsu yawa.

A wajen kawunsa ya koyi sana'ar, a garin su mahaifiyarsa da ke ƙetaren iyaka, inda aka kai shi tun yana saurayi. A bayan garin akwai wani rami da ake ɗibar jar ƙasa mai danƙo, wadda in an kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta kwana biyu ba ta tsagewa. Tun da Namadi ya dawo gida bai taɓa yarda ya yi gini da wata ƙasa ba. Kowane rani zai ɗaura wa shanu amalanke, ya bi burtali ya ƙetare, ya gai da dangi, ya ci tuwonsu, ya yi lodi ya juyo. Da farko masu tsaron iyaka sukan soka ƙarfe cikin kayan ko shinkafa ce aka binne. Da suka gaji da fito da ƙarfe yana ja, sai suka koma ɗaga masa hannu daga inuwa.

Abin dariyar shi ne, wannan mai iyayin ƙasa shi ke da gona mafi munin ƙasa a duk tungar. Tana nan bayan gidansa, fara fat, tsakuwa ta fi ƙasar yawa, fartanya na shiga tana ƙara. Gero take bayarwa da ɗan wake, shi ma ba na a zo a gani ba. Amma mahaifinsa ne ya sare dajin da hannunsa, kuma a gefenta, kusa da wata ɗorawa, rumbun farko da Namadi ya gina yake tsaye. Karkatacce ne, ya zo da niyyar rushe shi tun ranar da ya gama, tsohon ya hana, ya ce a bar shi hatsi bai san karkace ba. Tsohon ya daɗe da rasuwa, rumbun na nan. Taubashinsa Ango, wanda ke sayen tabkuna yana sa masunta su kama masa kifi, ya sha yi masa tayin musaya da wata fadamar shinkafa mai kyau. Namadi yakan yi dariya kawai. Son gonar nan yake yi, so na gaske, kuma ba ya jin kunyar faɗi.

Bayan girbin bara waccan wata farar mota ta tsaya ƙofar mai gari. Wata matashiya ta fito, da malafa a kan hijabi da takalman ƙafa-ciki, da leburori biye da ita. Sunanta Zakiyya, 'yar Birnin Kebbi, ta karanci ilimin duwatsu, tana aiki da wani kamfanin neman ma'adinai. Da aka tara mutane ta bayyana cewa hukuma ta ba kamfaninsu izinin bincike a yankin, bincike kawai, ba haƙa ba. Za su riƙa ɗibar ƙasa kaɗan-kaɗan a 'yan jakunkuna, a kai ɗakin gwaji a birni a duba abin da ke cikinta. Mai gari ya ce ƙasa kam ga ta nan, su ɗiba har su gaji.

Aikin nasu a miƙe yake tafiya, ba ruwansa da hanya ko shinge. Su tona ɗan rami iya gwiwa, su cika jaka, su rubuta lamba, su ƙara gaba. Wajen tsakar rana layin ya ratsa gonar Namadi. Barira ta aiko da fura mai sanyi, baƙi suka sha suka yi godiya, aka kira azahar, suka jingine jakunkunan a gindin ɗorawa suka tafi masallaci.

Namadi ya riga ya yi alwala, amma ƙafarsa ta ƙi wuce jakar da aka cika a gonarsa. Ya kwance bakinta ya leƙa. Abin da ya gani ya sosa masa rai: tsakuwa da farin yashi, ko ɗan danƙo babu. Wannan za a ɗauka a kai birni, a zazzage gaban masu ilimi, a ce ga ƙasar Namadi magini. Ga shi kuma a tungarsu baƙo ba ya tafiya da abin da ya fi muni a gida. In kaza ce a kama masa mai ƙiba, in gero ne a ɗebo na saman rumbu. Can gefe kuwa ga tulin jar ƙasar da ya kawo daga ƙetare don sabon gini. Bai yi dogon tunani ba. Ya juye tsakuwar a bayan ɗorawa, ya cika jakar da ja, har da tsince 'yan ƙiraren da ke ciki, ya ɗaure yadda ya same ta.

Yana ɗagowa ya ga Barira tsaye, ta zo ɗaukar ƙwarya.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Baƙi na, Barira. Tsakuwa za ni bari su tahi da ita?"

"Su sunka san abin da suka biɗa," in ji ta. "Kai dai ba ka iya ganin jaka ka ƙyale."

Ya ce ta kama bakinta, ya wuce masallaci yana jin daɗin kansa. Baƙi suka kwashi kayansu suka tafi, gari ya manta da su.

Sai da bazara ta yi nisa, hadari ya fara taruwa a gabas, suka dawo, wannan karo mota biyu. Aka sake tara mutane a ƙofar mai gari. Zakiyya ta ce an gwada jakunkunan duka, ɗaruruwa, kusan babu abin da aka gani a cikinsu. Amma guda ɗaya ta nuna alamar zinari fiye da yadda aka zata, kuma lambarta ta faɗa a gonar Malam Namadi. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Namadi ya sunkuyar da kai. Daga bayan zana, inda mata suke, ya ji tarin Barira, ya kuwa gane shi.

Ango ne ya fara magana, da yake shi ɗan kasuwa ne. Ya ce a bar kewaye-kewaye, zinarin nawa ne?

Zakiyya ta ce babu mai iya faɗi, don ba wanda ya gan shi. Kamfani ba zinari ya mallaka ba, izinin nema ya mallaka, kuma wannan izini shi ake yi wa kuɗi. Masu zuba jari sukan ƙiyasta abin da mahaƙa za ta kawo in an dace, su auna yiwuwar dacewar, su cire abin da nema zai ci, su kuma duba yadda aka sayar da irin wannan izini a wasu wurare. Neman kuwa hawa-hawa ne: gwajin ƙasar sama, sai a tona dogayen ramuka, sai a kawo injin huda ƙasa, sai a auna ko abin da ke ciki ya kai a haƙa. A kowane hawa yawancin wurare faɗuwa suke yi. Cikin wurare dubu da aka fara irin wannan aiki, da wuya fiye da ɗaya ko biyu su zama mahaƙa.

"Jakar nan ta ɗaga mu," in ji ta. "Da muna ɗaya cikin dubu, yanzu a ce ɗaya cikin ɗari. Saboda ita kaɗai darajar izininmu ta hau a idon masu kuɗi, alhali ko ƙwayar zinari ba su riƙe ba."

Ango ya tafa hannu. "Ashe sayen tabki na. Ka tsaya bakin ruwa da sahe, ka dubi motsi, ka tambayi abin da anka kama bara, ka ji yadda anka sai da na kusa da shi, ka biya tun komar masunta ba ta shiga ruwa ba."

Ta yi dariya ta ce haka ne, sai dai shi cikin mako guda yake sanin ko ya ci ko an ci shi, su kuwa sai su yi shekaru. Ta ƙara da cewa ita ba ta cika yarda da jaka ɗaya tilo ba, don zinari in yana wuri yakan nuna a maƙwabta ma. Shi ya sa za su tsaga gonar da ramuka, in ya yi kyau a kawo inji. Ta roƙi Baba Namadi kada ya yi shuka bana, za a biya shi diyyar amfanin. In kuma Allah ya sa an dace, gonar ta tafi ke nan, a ba shi diyya ya nemi wata.

Mutanen Tungar Na'Allah “ɗaya” suka ji. Casa'in da taran nan ta faɗi ƙasa, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Kafin la'asar Namadi ya zama Mai Zinari. Mai shayi ya daina karɓar kuɗinsa. Samari suka fara gardama kan irin babur ɗin da za su saya in an ɗauke su aiki. Mai gari ya shiga zancen rijiyar burtsatse da titi har Kaoje. Ango ya koma kiransa Alhaji, yana tuna masa cewa tun suna yara shi ne mai tare masa faɗa, abin da bai taɓa faruwa ba.

Mai Zinari kuwa ramewa yake yi. Leburori sun zo sun kafa jajayen turaku a gonar, layi biyu, ɗaya ya bi daidai ta gindin karkataccen rumbu. In ya yi shiru za a tsage gonar mahaifinsa a kan ƙasar da ba tata ba. In ya yi magana ya kashe wa gari burinsa, ya zama tsohon da ya yaudari baƙi. Tsoro yake ji ta kowane gefe, ga kunya a sama. Barira ba ta tona shi ba, amma ba ta raga masa ba. In ta ajiye masa tuwo sai ta ce, "Ci, Alhaji, kyautar da kay yi ta haihu."

Ranar da aka wayi gari da ruwan shuka, tungar ta watse gonaki tun da sassafe. Namadi ya saɓa sungumi ya fita bisa sabo. Ya tsaya a bakin gonarsa, ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, maƙwabta hagu da dama suna sara matansu na bi suna jefa iri, shi kuwa ga turaku. Zakiyya na tsakiyar gonar da igiyar awo. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye sungumin ya nufe ta.

"Ɗiyata, ina da magana. Ƙasar da kunka gwada ba ta wagga gona ba ta."

Ya faɗa mata duka, tun daga fura har ɗaurin jaka, idonsa a ƙasa. Ta dube shi. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta zauna a kan dutsen rumbu tana share hawaye da bakin hijabi. Da ta natsu ta ce tun farko launin jakar ya dame ta, ja a tsakiyar farare, ta ɗauka lebura ne ya zurfafa rami. Laifinta ne da ta bar jakunkuna ba mai tsaro. Ta kuma gaya masa gaskiya ba tare da sakayawa ba: abin da ya yi babba ne, da an kawo inji da an yi asara mai yawa, kuma dole ta sanar da manyanta yau, su kuma su sanar da masu jari.

Sannan ta tambaye shi inda jar ƙasar take. Ya nuna yamma da haɓa, ya faɗi sunan garin kawunsa.

"Izininmu a iyaka ya tsaya, Baba. Can wata hukuma ce. Kuma ɗan ɓurɓushi a ramin gini ba mahaƙa ba ne, ruwa kan kwaso shi daga nesa ya zubar."

Namadi ya ji sanyi a ransa, ya kai hannu zai tuge turken da ke kusa. Ta ce ya dakata. Gonarsa ita kaɗai ce a layin ba a gwada ba, tunda abin da aka ɗiba a cikinta yana bayan ɗorawa. Sai ta sake ɗiba, da yawa, da hannunta. In gwaji ya nuna akwai, turaku na nan daram. Ranar ta cika jakunkuna ta kulle su a mota, da Barira ta aiko da fura a tsaye ta sha, tana jingine da ƙofar motar.

Labari ya riga Namadi isa gida. Mai gari ya kira shi, Namadi ya maimaita bayaninsa gaban jama'a. Samari suka yi ta gunaguni. Mai gari ya ce abin da Namadi ya yi kuskure ne, kada wani ya ƙara, amma shi a gaskiya da ya ga baƙi za su fita garinsa da tsakuwa, bai san abin da zai yi ba. Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Aka yi kwanaki ana gaishe shi sama-sama, mai shayi ya koma karɓar kuɗinsa, abin da ya fi komai kwantar masa da hankali.

Ango ne kaɗai bai yi fushi ba, don shi wani lissafi ya faɗo masa. In jar ƙasar ce mai zinari, ai yawancin rumbunan tungar da ita aka gina su. Bai yi shawara da kowa ba ya kwashe geronsa ya zuba a buhuna, ya tura ɗakin matarsa, ya sa gatari ya rushe rumbunsa. Ya yi ta jigilar ɓaraguzai zuwa rafi, yana dakawa yana wankewa a ƙwarya, har bayansa ya ƙage. Abin da ya samu a ƙarshe ya manne a kan yatsa ɗaya, sai an karkata shi ga rana ake ganin ƙyallinsa. Matarsa ta ce ko gero ya fita ɗakin ko ita ta fita. Ya zo wurin Namadi a sunkuye yana neman a sake masa gini.

"Da damina?" in ji Namadi. "Sai rani, taubashi. Wanga tabki kam ya ci ka."

Shi Namadi kansa dariyar ba ta kai masa ciki ba. Geron maƙwabta ya fito, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, tasa gonar ciyawa ce ke cin kasuwarta tsakanin turaku. Kullum da safe sai ya je ya zagaya ta ya dawo. A duk faɗin jihar Kebbi da wuya a sami wani mutum da ke idar da salla ya ɗaga hannu yana roƙon Allah kada a sami zinari a gonarsa, sai shi. Liman ya taɓa tambayarsa abin da za a roƙa masa. Ya ce a roƙi zaɓin Allah, sannan ya rage murya ya ce in da hali zaɓin ya zo da tsakuwa.

Wata Laraba da hantsi farar motar ta tsaya ƙofar gidansa. Zakiyya ta fito ta gyara fuska irin ta mai zuwa ta'aziyya, don ta saba kai wa mutane irin wannan labari, ta san yadda suke karɓarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, sakamako ya fito. Ba a sami komai ba."

"Sake hwaɗi, ɗiyata."

"Babu komai. Tsakuwa ce da yashi."

Namadi ya rufe fuska da manyan tafukansa. Ta ɗauka kuka yake yi, ta fara ba shi haƙuri. Kukan ne kuwa, amma da ya sauke hannu bakinsa har kunne. Ta ce kamfani zai saki wannan yanki ya koma gaba, darajar izinin ta sauko inda take da, amma su ma ba su tashi a banza ba, sun san inda ba za su ƙara zuba kuɗi ba. Bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya riga ya nufi gona, yana tuge turaku ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a hammata, ya kawo mata su har mota. Barira ta soya waina ta raba sadaka gida-gida, maƙwabta na karɓa suna tambayar juna ko wannan murnar me ce.

Lokacin gero ya wuce, sai ya shuka wake. Ya yi noma shi da Barira, suna yi tana tsokanarsa. Da rani ya zo ya ɗaura wa shanu amalanke ya ƙetare kamar kullum, ya gina wa Ango sabon rumbu, bayan ya sa shi ya yi alkawari gaban shaidu cewa ba zai wanke shi ba.

A cikin ranin ne Zakiyya ta biyo ta tungar, za ta wani aiki wajen Zagga, ta tsaya gaisuwa. Da za ta tafi Namadi ya shiga karkataccen rumbu ya fito da ƙullin wake, ya ɗora mata a mota. Ta ɗaga ƙullin ta jinjina, ta dube shi ta gefen ido.

"Baba, na gonarka ne, ko na ƙetare?"

"Na gonata na, ɗiyata," in ji shi. "Ki tsince da kyau kahin ki dahwa. Za ki iske tsakuwa ciki."